Fuskar da Ta Tsaya a Wayar Ya Fanna

Ya Fanna mai turaren wuta ta shigo Gombe da daminar 2014, ita da mijinta Ba Ajimi, a bayan motar shanu. Da 'ya'ya uku suka baro garinsu can Borno kusa da iyakar Kamaru, da biyu suka iso. Ta tsakiyar, Halima Sadiya, mai shekara shida, ta suɓuce daga hannun uwar a wajen tsallaka rafi, lokacin da aka fara harbi jama'a suka watse. Sau biyu Ya Fanna tana komawa bakin ruwan tana ƙwala kiran sunanta, har sai da maza suka janye ta da ƙarfi.

A Jekadafari suka sami ɗaki biyu a gidan haya. Ba Ajimi ya kama wankin hula a bakin masallacin unguwa. Ita kuwa ta koma sana'ar da ta gada wurin kakarta, haɗa hawi da kajiji da humra. Da fari maƙwabta ne ke saye, daga baya matan GRA suka ji labari. Ba ta iya karatun boko ba, amma da ta sayi babbar waya sai ta koyi ɗaukar hoton kwalabe da tura saƙon murya, har ciniki ya fi ƙarfin hannunta.

Sai dai ba don turare ta sayi wayar ba. Ta ji cewa mutanen Borno da suka warwatsu suna da guruf-guruf a Watsap inda ake tura hoton duk wanda aka tsinta, ko wanda ya fito daga daji. Ta shiga guda bakwai. Kowace safiya kafin ta hura gawayi sai ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sau uku cikin shekara goma ta ga yarinyar da zuciyarta ta ce ita ce, sau ukun kuma ba ita ba ce.

Wata Talata a watan Yuli na 2024, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jennifer ta turo saƙon murya daga wani ƙaramin asibiti a bakin iyaka. Ta ce cikin waɗanda suka fito daga daji akwai yarinya kamar mai shekara goma sha shida, ba ta da lafiya, ba ta kuma magana sosai. Abin da aka iya samu daga bakinta shi ne sunanta Halima, sunan uwarta Fanna. Ranar Asabar za a kwashe su zuwa wani sansani mai nisa, ban da wanda danginsa suka bayyana.

Akwai hoto a ƙarƙashin saƙon. Ya Fanna ta danna, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa. Ta fita tsakar gida, ta fita ƙofar gida, ta ɗaga wayar sama. Sai bayan azahar hoton ya buɗe, shi ma dishi-dishi: wata ramammiyar yarinya a kan tabarma, ta kau da kai.

Ta kai wa Ba Ajimi a wurin aikinsa. Ya goge kumfar hannunsa, ya duba, ya miƙa mata.

"Fanna, Halima nawa ce a Borno? Fanna nawa ce?"

"Dubi goshin, Malam."

"Ban ga goshi ba, inuwa na gani. Sau uku kina raya min yarinyar nan, sau uku tana sake mutuwa a hannuna. Ni na yi mata addu'a tun tuni. Ki bar ni in huta."

Ta karɓi wayarta. Ita ta san alamar da ba za ta yi ƙarya ba: Halima Sadiya na da tabon ƙuna a idon sawun hagu, inda ta taka kasko tana tatata. Kallo ɗaya ya isa.

Suka shirya da Jennifer za su yi kiran bidiyo ranar Laraba da la'asar. Ya Fanna ta yi wanka, ta ɗaura lafayarta ta Sallah kamar mai zuwa tarar baƙo. Ta kira sau goma sha ɗaya. Wani kiran bai ma tafi ba. Wani ya shiga, ta ji muryar Jennifer a gutsuttsure, "Mama... ina... ki..." sai shiru. Fuskar wayar baƙa ƙirin.

A gidan hayar akwai Malam Zulkifilu, magidanci mai aikin gyaran ƙarfen sabis. Ya dawo daga aiki ya tarar da ita a zaure tana buga wayar a tafin hannunta.

"Ya Fanna, za ki fasa ta ne kawai. Wayar lafiyarta ƙalau."

"To datar ce? Yanzun nan na sa."

"Ba data ba ce. Hanyar ce ta cika. Ƙarfen da ke ba mu sabis a nan, lokacin da aka kafa shi mutum nawa ke da babbar waya a Jekadafari? Yanzu kowane ɗaki biyu ko uku, kowa na kallon bidiyo, ga masu cire kuɗi a shago, ga 'yan makaranta. Da yamma kamar ƙofar kasuwa ce ranar jajiberi. Ita wadda kike kira tana ina?"

Ta faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Can ya fi nan wuya. A bakin iyaka ƙarfen wannan ƙasa da na waccan duk suna magana cikin iska ɗaya. In ba a zauna an raba musu hanya ba, sai su riƙa take juna, waya ta rasa wanda za ta saurara."

"Wa zai raba musu?"

"Manya, a taro."

"Kafin Asabar?"

Malam Zulkifilu ya sunkuyar da kai. Can ya ce ta gwada GRA da hantsi, gidajen can a warwatse suke, mutane kuma sun tafi ofis. Ita ma ma'aikaciyar ta nemi tudu, ta juya wa iyakar baya.

Ranar Alhamis ƙarfe goma Ya Fanna na tsaye a gindin wata bishiyar maina a GRA. Jennifer ta turo saƙo cewa ta tallafo yarinyar har bayan tankin ruwa, inda ya fi ko'ina tudu. Kira na farko ya faɗi. Na biyu ya shiga, hoto ya fito tar.

Ga fuska nan. Dogon wuya, manyan idanu, goshi mai faɗi irin na dangin Ba Ajimi. Ya Fanna ta dafa bishiyar.

"Halima! Halima Sadiya!" Ta juya harshe zuwa Kanuri. "Ni ce, yarinyata, dube ni."

Yarinyar ta ɗago ido, leɓenta ya motsa.

"Ƙafar!" Ya Fanna ta yi wa Jennifer ihu. "Nuna min ƙafar hagu, 'yata, don Allah!"

Hoton ya fara gangarowa. Kafaɗa, zane, gwiwa. Sai ya daskare a kan gwiwar, ya koma kan fuskar da ta gabata, ya tsaya cak. Daga nan ya yanke.

Ta kira har rana ta take tsaka. Ta yi gaba, ta dawo baya, ta hau kan dakalin wani gida har maigadi ya leƙo, ya ga fuskarta, ya koma ciki. Sai dab da magariba saƙon Jennifer ya iso: wayarta ta kama sabis ɗin Kamaru, ta ƙi dawowa.

Ya Fanna ta shiga ɗaki ta fara cusa kaya a jaka.

"Na gan ta, Malam. Goshinku ne."

"Tabon fa?"

"Bai fito ba."

Ba Ajimi ya daɗe yana kallon jakar. Washegari da sassafe shi ya ɗauko ta a kai har tasha.

Ta kwana a Maiduguri, ta bi ayarin motocin da sojoji ke wa rakiya. Da ta isa asibitin ranar Asabar an riga an fara loda mutane. Jennifer, wata gajeriyar mata mai tabarau, ta gane ta daga nesa, ta ja hannunta zuwa inuwar da yarinyar ke zaune.

Ya Fanna ba ta yi sallama ba. Ta durƙusa, ta ɗaga bakin zanen. Idon sawun hagu sumul, babu ko ƙwarzane. Ta duba na dama. Ta sake duba na hagu, ta goge shi da yawu ko ƙura ce ta rufe.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Kuka ma bai zo ba. A kusa, goshin bai yi faɗin da ta gani a waya ba.

Direba ya fara kiran a shiga mota. Yarinyar ta miƙa hannu ta kama gefen lafayar Ya Fanna, ta shinshina, don turaren ya kama zanen. Cikin Kanuri, da murya kamar ta mai mura, ta ce, "Ke ce?"

Ya Fanna ta dubi Jennifer. "Ba tawa ba ce," ta ce da Hausa, a hankali. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kada ki sa ta a motar nan."

"Mama, ba a hannuna yake ba."

"To kai ni wurin wanda yake hannunsa."

Kwana tara ta yi tana kwana a barandar asibitin, tana zarya tsakanin jami'ai da mai unguwa, ana tambayarta ana rubutawa, har aka yarda ta riƙe yarinyar kafin a sami danginta. Duk kwanakin nan sau ɗaya ta iya samun Ba Ajimi a waya, shi ma kafin ta kai ga bayani ya yanke. Saboda haka da suka sauka a Jekadafari bai san komai ba. Ya fito da sauri ba takalmi. Ya dubi yarinyar, ya dubi matarsa, ta girgiza masa kai. Ya juya ya fuskanci bango na ɗan lokaci. Da ya juyo sai ya ce, "A ba ta ruwa, ta sha hanya."

Yarinyar tana gidan har yau. Ba ta yarda a rufe ƙofa in tana ciki, ƙarar babur kuma na sa ta rawar jiki. Ba a sami uwarta ba, ba a kuma ji labarin Halima Sadiya ba. Ya Fanna ta rame, ciniki ya ja baya, wani lokaci takan bar turare ya ƙone a kasko tana zaune.

Bayan Babbar Sallar da ta zagayo Ba Ajimi ya kai yarinyar Islamiyyar unguwa da kansa. Malamin ya rubuta Halima, ya tambayi sunan mahaifi.

"Bar gurbin," in ji Ba Ajimi. "Tana da uba, ba mu dai same shi ba tukuna. Kafin nan duk abin da ya taso, ina nan bakin masallaci."