Yaya Mai Raɗa wa Kaset Suna

Yayata ba ta taɓa taka ƙasar Japan ba, ko harafi ɗaya na rubutunsu ba ta iya karantawa. Amma shekara da shekaru, duk wani gem na Japanawa, wato wasan talabijin, da ya shigo layinmu sai ya bi ta hannunta kafin ya samu sunan da za a kira shi da shi. Shi ya sa har yau, in ka tambayi waɗanda suka tashi a wajen, ba su san ta da wani suna ba sai Mai Suna.

Asalin sana'arta buga takardu ce. Tana da tafireta a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da batir. Ni ƙanwarta ce, ɗinki nake yi, kekena yana lungun shagon, don haka komai a gabana aka yi shi. Mijinta direban babbar mota ne. Wata rana ya dawo daga tafiya da wasu kwalaye da wani ɗan kasuwa ya dirka masa, wai shi ɗan kasuwar ya gaji da yawo da su. Da muka buɗe sai ga na'urorin gem irin waɗanda ake jonawa da talabijin, da kasa-kasai na roba jibge, kowanne da hoto a gaba da rubutu kamar tafiyar tururuwa.

"Wannan fa?" in ji Yaya.

"Wasan yara ne," in ji mijin. "Ki ajiye a shago, ko Allah zai kawo mai so."

Masu so sun zo, sai dai ba su san abin da za su nema ba. Yaro zai tsaya ya ce, "Anti, a ba ni mai shuɗin nan," alhali masu shuɗi sun fi goma. Wasu kasa-kasan an manna musu Turanci a hanya, amma wane irin Turanci! Akwai wanda mai gyaran agogo ya daɗe yana juyawa, ya ce iyakar abin da ya fahimta shi ne, "Kawu mai dunƙule ya je wata da zafi sosai." Yaya ta jona, muka zuba ido. Babu kawu, babu wata. Wani ɗan ɓera ne yake ta tsere yana tsintar makullai.

"Wanda ya rubuta wannan ko kunna shi bai yi ba," in ji ta. Ta ja tafireta, ta buga ƁERA MAI MAKULLI, ta yanke da almakashina, ta shafa gam ta manna.

Daga nan abin ya zame mata jiki. Ba ta sa wa kaset suna sai ta buga wasan da ke cikinsa da hannunta. Mace mai 'ya'ya uku, ga ta zaune a kan benci, ɗankwali ya zame, harshe a tsakanin haƙora, tana fama da maɓallai. In ta gama kallon abin da ke ciki sai ta ce, "Na samu." Haka aka haifi Wanzami Ya Haukace, wani jan mutum mai almakashi a kowane hannu yana bin jama'a. Haka aka haifi Surukai a Kwalekwale, inda mata biyu ke kwaɗa wa juna itacen tuƙi har ɗaya ta faɗa ruwa. Wannan kam har manya suna zuwa nema, suna cewa wai yara ne suka aiko su.

Ana cikin haka wani saurayi da ake kira Dogo ya buɗe shago a tsallaken titi. Kayansa iri ɗaya da namu, wataƙila ma daga hannun mutum ɗaya. Bambancin kawai, shi a kan kowane kaset akwai jan tauraro, a ciki an rubuta MEGA 8. Mega, kamar yadda aka ce mana, ma'auni ne na yawan abin da kaset ke ɗauke da shi a cikinsa. Babu wanda ya taɓa ganin megan nan da ido, amma cikin ɗan lokaci yaran layi suka daina tambayar me ake yi a wasan. Da sun shigo sai, "Anti, wannan mega nawa ne?"

Takwas ta zama sha shida. Sha shida ta zama talatin da biyu. Yaya ta aika aka sayo mata mai talatin da biyun, ta jona. Sai ga ɓeranta, da makullansa, ko gashin baki ɗaya bai ƙaru ba. Bayan nan Dogo ya fito da wanda aka rubuta wa wasa dubu a kaset ɗaya. Shi ma ta sa aka sayo. Ta yi ta latsawa tana sauka ƙasa, wasannin da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba ne suke ta dawowa, yau mota ja, gobe motar nan ce dai an mayar da ita kore.

Lokacin Yaya ta riga ta samu kwamfuta da firinta mai launi, ita kaɗai a layin. Ranar nan sai ga Dogo da kansa, ya yi sallama, ya rusuna.

"Anti, aiki na kawo. Mai buga min taurari ya yi nisa. Ki buga min, mega sittin da huɗu. Kuma shawara ce, ke ma ki manna wa naki, mu daidaita lamba, kowa ya huta."

"Ka auna ka ga sittin da huɗun?"

"Wa yake aunawa, Anti? Haka ake yi ko'ina."

"To je ka ko'ina su buga maka."

Ya yi dariya, ya nuna kantarta. "Ke da kike ƙago suna daga kanki, ke ce za ki kira wani maƙaryaci? Su Japanawan ne suka ce miki wanzami ne?"

Na tsayar da keke, don na san an taɓo ta. Ta ɗauko kaset ɗaya ta ajiye a gabansa.

"Ɗana, wanda ya sayi Surukai a Kwalekwale, in ya je gida zai tarar da mata biyu a kwalekwale ko ba zai tarar ba? Abin da idona ya gani na rubuta. Kai me idonka ya gani?"

Da yamma mijinta ya sa baki, don labari ya kai masa. Ya ce mata tauraro ne kawai, ba yanka mutum aka ce ta yi ba, kuma ciniki yana tsallaka titi a kan idonta. Ta saurare shi har ya gama. Washegari ta zo shago da wuri, ta kunna firinta. Na ɗauka ta sauko. Ta buga jajayen taurari shafi guda, manya, sun fi na Dogo kyau, ta bi kasa-kasanta ɗaya bayan ɗaya tana mannawa. Da na leƙa sai na ga abin da ke cikin tauraron: MEGA: BAN SANI BA.

Layi ya ɗauka. Aka yi ta zuwa kallo ana dariya. Mijin ya yi kwanaki ba ya biyowa ta gaban shagon. Ita kuwa ta ajiye benci da talabijin a bakin ƙofa, ta ce duk mai so ya zauna ya buga tukuna, in ya yi masa ya saya.

Ba zan ce ta yi nasara ba, don ba ta yi ba. Yawancin yara tsallake suka ci gaba da zuwa, saboda a makaranta ba a alfahari da "ban sani ba". Dogo ya faɗaɗa shago, ya kai har mega ɗari biyu da wani abu. Mu muka rage da 'yan tsirarun da suka saba, waɗanda ke zuwa su ce a ba su wane da wane da suna. Sau da yawa na ce mata, "Yaya, ko ƙaramar lamba ce ki sa." Sai ta ce, "Ki ji da ɗinkinki." Daga baya faya-fayan CD suka zo, bayan su wayoyi, kasuwar kaset ta mutu gaba ɗaya, ta Dogo da tamu. Ta kwashe ragowar ta zuba a kwali ta kai gida, ta koma kan takardunta.

Shekaru suka wuce. Mijin ya rasu, 'ya'ya suka yi aure, gwiwa ta hana ta fita shago. Bara, wata ranar hutu da rana, muna zaune a falonta sai mijin autarta, wanda muke ce wa Injiniya, ya fito da kwalin daga ƙarƙashin gado yana kakkaɓe ƙura. Yaro ne mai ladabi, sai dai akwai son gyara abin da ba a sa shi ba.

"Mama, kin san waɗannan yanzu ana neman su ruwa a jallo? Akwai masu tara tsofaffin gem a ƙasashen waje. Amma da ainihin takardar Japanawan suke so. Sai an ɓare taki."

"Sai an ɓare me?"

Bai lura da muryarta ba. Ya ciro waya, ya ce ai yanzu in ka haska rubutun sai ta fassara maka. A gefen kasa-kasan akwai sauran rubutun da takardarta ba ta rufe ba. Ya haska Wanzami Ya Haukace, ya fashe da dariya.

"Mama, ba wanzami ba ne! Ƙaguwa ce. Wai Jarumin Ƙaguwa Mai Tsaron Teku. Ba almakashi ba ne, hannuwansa ne."

Jikoki suka kwanta da dariya. Ya haska Surukai, ya ce wai 'yan'uwa mata ne suke gasar tuƙi, ba faɗa ba ne.

"'Yan'uwa ne suke kwaɗa wa juna itace a ka?" in ji Yaya. "To su Japanawan ne ba su san surukai ba. Kai dai karanta."

Ya ci gaba, ana ta shewa, ita tana mayar da martani ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko guda ya wuce ba. Can ya ciro wani farin kaset daga ƙasan kwalin. A kai ta buga MAI WANKI TA ƁATA HANYA. Na tuna shi. Wata mata ce rungume da farin ƙunshi tana tafiya cikin farin gari, in ƙunshin ya faɗi wasa ya ƙare. Yaya takan tsaya a kan yara tana cewa, "Kai, kada ka zubar da wankin mutane!"

Injiniya ya haska, ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

"Wai... Uwa Za Ta Kai Ɗanta Gida. Jariri ne, Mama. Farin kuma dusar ƙanƙara ce."

Yaya ta karɓi kaset ɗin, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallon hoton.

"Shi ya sa take waiwayen ƙunshin in an tsaya," ta faɗa a hankali. "Na ɗauka iska take tsoro."

Injiniya ya gyara murya. "To kin gani, Mama. Wannan dai ai kin yarda a cire."

"Ban yarda ba."

"Amma kuskure ne."

"Kuskurena ne, ba naka ba. Na zauna na buga shi, na duba iyakar dubawata, abin da na gani ke nan. Yaran da suka saya da wannan sunan suka saya, da shi suke tunawa. Ba za ka kankare shi don wani da bai taɓa zama a bencina ba ya ajiye a cikin gilashi. Ɗauko min tafireta."

Tsohuwar tafiretar tana saman kabad. Aka sauko da ita, aka hura ƙura. Da yatsa biyu ta buga sunan da wayar ta faɗa, ta sa na yanke mata, ta manna shi a bayan kaset ɗin. Na gaban kuwa ko gefensa ba ta taɓa ba.

"Ga nasu, ga nawa," in ji ta. "Sauran kuma a mayar inda aka ɗauko. Na'urar tana aiki?"

Sai da Injiniya ya yi yawon neman wata waya da za ta haɗa ta da talabijin ɗin zamani, amma ta tashi. Tun daga ranar, in na je gidan da la'asar nakan tarar da ita a gaban allo, tabarau a kan hanci, ƙafa a kan matashi. Injiniya ya sake tayar da maganar masu saye sau biyu, ta ce masa in ya ƙara sai ta raɗa masa suna shi ma, kuma zai bi shi. Bai ƙara ba.

Har yanzu ba ta kai jaririn wasan nan gida ba. Akwai wata gada mai santsi da ke kayar da ita kullum, yatsun kuma ba kamar da ba. Babban jikanta ya ce ta kawo ya haye mata, ta buge masa hannu.

"Ni na riƙe shi shekara da shekaru a matsayin wanki," ta ce. "Ni zan kai shi."