Kwana Shida a Ɗakin Zaure

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini, amma sanyin shekarar da aka yi wa ɗana na fari kaciya yana nan a raina sai ranar da aka binne ni. Lokacin Turawa ba su tafi ba, muna zaune a Fagge, maigidana yana ɗinki da keke a bakin kasuwa.

Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa, duk mata, ni ce babba. A gidanmu ba a ɓoye ciwo. In ƙaya ta soki ɗaya sai maƙwabta sun ji, mu shida mu taru a kanta, wannan na riƙe ƙafa, waccan na neman allura, autarmu na taya ta kuka ba gaira ba dalili. A can na koyi raino, kuma abin da na koya shi ne mai kuka ke da ciwo, wanda ya yi shiru lafiyarsa ƙalau. Ban taɓa ganin yadda ake rainon ɗa namiji ba sai a kan nawa.

Ga shi kuma ɗan fari, ba na kama sunansa, ba na jan sa a jiki a gaban mutane. Shi ma Yaya yake ce mini, don abin da ya ji ƙannena suna kirana ke nan. Ƙannensa mata biyu kuwa kullum suna kan cinyata.

Yana shekara bakwai aka kira wanzami, aka haɗa shi da 'ya'yan maƙwabta uku aka yi musu, aka kwantar da su a ɗakin zaurenmu. Surukata, wadda muke kira Inna, ita ke jinyarsu. Ta shigo cikin gida tana murna ta ce, “Duk sun yi ihu ban da namu. Ko uffan bai ce ba, jinin ubansa ne.” Na sunkuyar da kai don kunya, amma har ga Allah na ji daɗi. Ban san tun daren jiya ake ta faɗa masa namiji ba ya kuka ba.

Aikina shi ne in gasa kaza, in dama kunu, in miƙa wa Inna. Kwana uku kwano yana dawowa a suɗe. Rana ta huɗu kason sauran ya ƙare, nasa ya dawo kamar yadda na zuba. Na daure na ce, “Inna, yaron nan bai ci ba.” Ta dube ni ta ce, “Ke da kika tashi cikin mata me kika sani a kaciya? Ɗan zazzaɓi ne, kowa na yi. Yaushe kuma kika fara tambayar ɗan fari?” Na ɗauki kwanon na koma ciki. Ba mugunta ta yi ba, maza biyar ta raina, duk sun warke da ruwan bagaruwa. Ni ce ba ni da abin da zan gwada maganarta da shi.

Akwai wata Bayarabiya daga Sabon Gari da ke shigo mana da tallan atamfa da sabulu, Iya muke ce mata. Rana ta shida da hantsi ta shigo, ba ta ko sauke kayanta ba ta ja ni bayan rumbu. Ta ce, “Uwar yara, na wuce ta zaure na ji wari. Wannan ba warin magani ba ne. Kin ga ɗanki?” Na ce ban gan shi ba tun ranar da aka yi. Ta riƙe haɓa ta ce, “Kwana shida, gida ɗaya? Je ki duba yanzu, in ya so a zage ki.”

Tsakanin ɗakina da zauren nan taku ashirin ma bai cika ba. Na ɗaga asabari na shiga. Sauran yaran suna zaune suna wasa, shi yana kwance ya juya wa bango fuska. Na taɓa goshinsa, zafi kamar murfin tukunya. Na ɗaga rigarsa, abin da na gani ba zan rubuta shi ba. Na ce, “Tun yaushe?” Ya ce, “Tun shekaranjiya.” Na ce, “Me ya hana ka faɗa?” Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, “Yaya, ai ban yi kuka ba ko?”

Ranar na fita ba izinin kowa. Na goya shi, rabona da goyonsa tun yaye, Iya na gaba ina bin ta har muka tsallaka Sabon Gari. Aka aika wa ubansa, ya same mu a asibiti. Malamin asibitin ya duba, ya yi masa allura, ya ce da kwana biyu da suka wuce aka kawo shi. Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Kafin la'asar ya cika, kansa a cinyata. A nan na kira sunansa, karo na farko da babbar murya, na yi ta kira har Iya ta rufe mini baki.

Kwanansa ne ya ƙare, na sani, ban ja da ikon Allah ba. Amma baƙin cikin kwana shidan nan bai taɓa sakina ba, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba sai kaina.

Bayansa Allah ya ƙara mini maza uku da mace ɗaya. Da aka zo kaciyar na biyun, tabarmata na ɗauka na shimfiɗa a ƙofar ɗakin. Inna ta dube ni, ta matsa mini wuri. Dangi sun yi ta cewa na ɓata 'ya'yana maza, na mai da su mata, na bar su suna kawo ƙarar ciwon kai. Ban taɓa tanka musu ba.

Abin da na koya ke nan, shi nake faɗa wa 'ya'yana da matan 'ya'yana. Kunya ado ce, amma ba a yin ta a kan ɗa marar lafiya. Kuma wanda ya yi kuka a cikin yara ya riga ya faɗi nasa. Wanda ya yi shiru, shi za ki tashi ki je ki taɓa goshinsa.