Anti Kar-a-taɓa ta ajiye safar hannu

Kafin ta amsa gaisuwa, Anti Kar-a-taɓa ta riga ta zura safar hannu. Haka take kowace safiya a ɗakin binciken 'yan sanda: ta jera burushi da baƙar hodar ɗaukar zanen yatsu, sai can ta tuna da shayinta, ya huce tuni. Sunan kuwa bakinta ne ya jawo mata. Mijinta ma cewa yake ko kofinsa zai ɗauka sai ya waiga tukuna.

Ni ganau ce. An fasa kantin magani a layinmu, aka kama kawuna, maigadin wurin. Dattijon da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, ga shi a bayan kanta, gidan yari na jiransa. Wallahi ranar ko ruwa na kasa sha.

Ko da Anti ta iso, 'yan jaje sun cika kantin, matar mai kanti kuma ta share, ta goge ko'ina tas.

"Hajiya, me ya kai ki?"

"Haba! Mutane su zo jaje su tarar da wuri kaca-kaca?"

Anti ta dafe kai. "Ai ɓarawon bai yi min ɓarnar da tsummanki ya yi ba."

Ba ta haƙura ba. Ta zagaya baya, sai ga gilashin tagar da ɓarawon ya zare jingine da bango, tsumma bai kai can ba. Ta shafa hoda, yatsu suka fito raɗau. Nan ta sa aka ɗauki zanen yatsun duk wanda ke wurin, har 'yan jaje. Zanen da ke jikin gilashin ba na kawu ba ne. Na wani maƙwabci ne, wanda ya fi kowa ɗaga murya yana "Allah ya tona asirinsa!" Allah kuwa ya amsa addu'arsa nan take.

Anti, ke ce mai sa gilashi ba da shaida. Yau kin yi ritaya, ba jaridar da ta taɓa buga hotonki, amma kawu yana gida yana wasa da jikokinsa. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Masu tasowa a aikin nan, ku ɗauki haƙurinta. Mu kuma, in ta faru, a kira hukuma kafin a ɗauko tsintsiya. Jajen zai jira.