Ɗakin Taron da Na Gina a Kan Burtali

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ina koyarwa a wata sakandare a cikin Birnin Kudu, kullum in hau babur da safe in dawo ƙauyenmu da la'asar. Ba zan kama sunan kowa ba, har sunan garin, ya isa in ce muna yankin Kiyako ne. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari, kuma gaskiya kaina ya yi girma a wancan lokaci. Gani nake duk garin ni kaɗai na san inda duniya ta dosa. In dattijo yana magana, da kunne ɗaya nake saurare, ɗayan kuma ina shirya amsa. Ba mugunta gare ni ba, ina son garinmu har cikin raina, amma na fi son a ce ni ne na yi.

Matsalarmu ita ce ba mu da wurin taro. Komai a ƙofar gidan mai unguwa ake yi, a gindin wata tsamiya. Masu rigakafi su zo, can. Rabon taki, can. Matan da ke son karatun yaƙi da jahilci sun yi shekara biyu suna neman inda za su zauna, ba su samu ba, don ba za su baje a ƙofar gida maza na wucewa ba. In hadari ya taso kuwa, taro ya watse ke nan ko ana tsakiyar magana. Sai muka dace wata ƙungiya ta yi alkawarin ba mu siminti da kwanon rufi, da sharaɗin mu kawo fili da hannun aiki, kuma a ga gini ya tashi kafin ruwa ya sauka. Aka ɗora mini neman fili da zana yadda ɗakin zai kasance. Na yi ta zane a takardun makaranta har matata ta fara tsokanata da injiniya.

Filaye uku aka nuna mini. Biyu suna cikin gari, a matse, sai an yi ciko. Na uku yana bakin hanyar mota, shimfiɗe kamar faifai, ba gonar kowa ba ne, kuma duk mai wucewa zai hango shi. A gaban kwamiti na ce na zaɓe shi ne don sauƙin shigo da kaya. A zuciyata kuwa so nake abokan aikina na birni su wuce su ga abin da muka yi. Da rani ne, an daɗe da girbi, ko'ina fili ne fetal, shanu suna yawo a gonaki suna cin kara. Ban ga komai a wurin ba sai wasu tsofaffin kututturan cini-da-zugu a jere ta gefe biyu, ban ma tsaya tambayar wanda ya dasa su ba.

A yammacin garinmu akwai wasu gidajen makiyaya, tun zamanin kakanninmu suke nan. Suna noma kamar mu, Hausa suke yi kamar mu, masallacin Juma'armu ɗaya, amma shanu su ne rayuwarsu. Babbansu aminin mahaifina ne. Baba nake ce masa tun ina yaro, kuma 'yan shanun da mahaifina ya bari a garkensa suke, shi yake kiwonsu amana, bai taɓa bari mun ji wani abu ya ɓata ba. Wata rana bayan la'asar sai ga shi da sandarsa a ƙofar gidanmu. Muka gaisa, ya tambayi Inna mahaifiyata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi makaranta. Sai can ya ce ya ji an ce Malam ƙarami, haka yake kirana, ya samo wa gari fili. Ya ce aikin alheri ne, Allah ya ba da lada, amma wurin nan burtali ne, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya idan damina ta yi gonaki sun rufe. Ya ce cini-da-zugun nan kakana da mahaifinsa ne suka dasa don kowa ya san iyaka. In aka toshe wurin, ba sauran hanya sai a zagaya bayan dutse, kuma maruƙa da shanu masu ciki ba za su iya ba.

Na ji shi sarai, babu abin da ban gane ba. Amma sai na ciro waya na buɗe masa hoton garinmu da aka ɗauka daga sama, na nuna masa cewa babu wata hanya a wurin. Ya karɓa ya duba da kyau, ya yi murmushi, ya ce ai mai hoton nan da rani ya zo. Na ce masa kada ya damu, zan kai maganar gaban kwamiti a duba. Ya ce to, tunda ta shiga kunnena ya san ta isa inda ya kamata. Ya ɗauki sandarsa ya tafi hankalinsa kwance.

Ban kai maganar ba. Na yi ta juya ta a raina, na ga in na faɗa za a koma neman fili, ruwa ya sauko, siminti ya wuce mu, a ce sakatare ya kasa. Na gaya wa kaina cewa shanu ƙafa gare su, za su sami hanya. Ranar da aka taru don yanke shawara, mai unguwa, wanda ya san tarihin wurin fiye da ni, ya dube ni a gaban jama'a ya tambaye ni ko na yi magana da mutanen yamma, tunda ni ɗan gida ne a wurinsu. Na ce mun yi magana da Baba da kansa, ya ce ba komai. Wasu manoman da gonakinsu ke gefen burtalin, waɗanda dama sun daɗe suna ɗan cinsa kunya ɗaya kunya biyu kowace shekara, suka yi caraf suka ce magana ta ƙare. Mai unguwa ya ce tunda masu hanya sun yarda, shi ba shi da ta cewa. Aka shafa fatiha.

Labari ya kai wa Baba cewa na ce ya yarda. Na zauna ina jiran ya zo ya ƙaryata ni, har na shirya abin da zan ce, amma bai zo ba. Ranar aikin gayya sai ga 'ya'yansa manya da amalanken shanu biyu, suka wuni suna ɗebo mana yashi daga rafi. Ni da hannuna na sa aka tumɓuke kututturan nan don a ja igiyar harsashi, babban ɗansa yana tsaye yana kallo, sannan ya juya ya koma ɗibar yashi. Ni kuma don wauta sai na ɗauka sun haƙura ne. Na manta irin mutanen da nake hulɗa da su. A wurin Baba, ya tsaya gaban mutane ya ce ɗan amininsa ya yi ƙarya, wannan ya fi masa ciwo a kan ya rasa hanya. Kara ya yi mini, ni kuma na hau kan karar tasa na yi gini.

Gini ya tashi, aka yi rufi kafin ruwan farko, har muka ja katanga ta kewaye filin don a sami wurin zama na waje. Sai damina ta kankama. Gero ya kai gwiwa, gonaki suka rufe hagu da dama, shanu suka zo bakin tsohuwar hanyarsu suka tarar da bulo. Mako uku suna zagaya bayan dutse safe da yamma. Na ji an ce wata saniya mai ciki ta zame a kan duwatsu ta karye, dole aka yanka ta. Na ji, na yi kamar ban ji ba. Rannan da rana tsaka ƙishirwa ta ci garken, suka fi ƙarfin masu kora, suka faɗa gonar wani maƙwabcinmu suka ratsa ta zuwa ruwa. Mai gona da ƙannensa suka fito, aka yi cacar baki, sanda ta yi aiki, aka fasa wa babban ɗan Baba kai.

Taron farko da aka yi a sabon ɗakinmu shi ne zaman sulhun wannan rigima. Ko fenti ba a yi ba, ƙamshin siminti na tashi. Ina zaune a gaba da littafina a matsayin sakatare. Mai unguwa ya saurari kowa, sannan ya juya ga Baba cikin ladabi ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ai da yardarsa aka yi ginin, da ya ce a'a da ba a aza ko bulo ɗaya ba. Baba ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, kallo ne kawai na mai ba ka dama. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina rubutu. Sai na ji ya ce haka ne, laifin nasu ne, a yi haƙuri, za su gyara ɓarnar da aka yi. Wallahi har yau in na tuna muryarsa a wannan lokaci sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba da mutanensa suka daure har aka yi kaka. Da aka gama girbi, wata safiya na fito zan tafi makaranta na tarar da shanun mahaifina a ɗaure a ƙofar gidanmu. Baba ya ce wa Inna za su matsa gaba ne wajen danginsu a ƙasar Gwaram, ta Farin Dutse, kuma ba ya son ya tafi da amanar marayu nesa da idonsu. Bai ambaci burtali ba. Inna ta yi kuka ta roƙe shi, ya ce ba komai, kiwo ne ya ja su. Da ya tafi ta zaunar da ni ta ce in dubi Allah in gaya mata abin da ke tsakanina da mutumin nan, don ta ga bai kalle ni ba da yake sallama. Nan na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi mahaifina bai bar mini abin da ya kai wannan mutumin daraja ba, kuma na kore shi.

Na je na gaya wa mai unguwa, ya ce ba a ɗaki na yi ƙaryar ba, don haka ba a ɗaki zan warware ta ba. Bayan sallar Juma'a na miƙe a gaban jama'a na faɗi gaskiya. Wasu suka ce na kyauta, wasu suka ce yanzu da amfanin me. Aka yarda aka rushe katangar gefen arewa, manoman gefe suka mayar da abin da suka ci, aka buɗe burtali sosai aka sake dasa iyaka. Duk wannan ya ɗauki kusan wata uku, sannan na hau babur na nufi Farin Dutse ina tambaya har na sami gidan. Baba ya tarbe ni kamar ban taɓa yi masa komai ba, ya sa aka dama mini fura. Na durƙusa na nemi gafara, na ce an buɗe hanya, su dawo gida. Ya ce ya yafe mini tun ranar, don ya san ƙuruciya ce da son a yaba. Amma komawa kam ba za ta yiwu ba. Ya nuna mini wajen wata bishiya can nesa ya ce uwargidansa tana kwance a nan, ciwo ya kama ta wata biyu da isowarsu, kuma shi ba zai tafi ya bar ta a baƙon wuri ita kaɗai ba. Matar nan ita ta goya ni ranar da Inna ta haifi ƙanena. Ban ma san ta rasu ba.

Ɗakin taron yana nan yana amfani. Mata suna karatu a ciki, ana rigakafi, ana ɗaurin aure in ana ruwa. Mutane suna gode mini, ni kuma godiyar nauyi take yi mini. Abin da na koya shi ne aikin alheri ba ya wanke ƙaryar da aka yi don a same shi, kuma fili ba ya zama na banza don kawai ka zo ba ka ga kowa a kai ba. Ina kira ga 'yan uwana masu ɗan ilimin boko da ake danƙa wa aikin gari: kafin ku ja igiyar awo, ku tambayi wanda ya riga ku sanin ƙasar, ku tambayi yadda wurin yake da damina da yadda yake da rani. In an ba ku saƙo ku kai shi yadda yake, ko da zai ɓata muku shiri. Sannan ku ji tsoron mai yi muku kawaici fiye da mai yi muku faɗa, don shi ba zai taɓa tsayar da ku ba. Burtalinmu yanzu a buɗe yake, ya fi da faɗi, ciyawa ta rufe shi har ƙugu, damina uku ke nan ba saniya ko ɗaya da ta bi ta kansa. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi wa tsohuwar nan addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafarar Allah.