Basir ɗin Baba da Askar Baƙo

Jiya maƙwabciyata ta ɗora bagaruwa a wuta. Da warin ya tsallako katanga sai da na ajiye tsintsiya na zauna, don ya mayar da ni gidanmu na Birni, ina 'yar shekara tara, nasara na shirin tafiya. Kada ka ɗauka daɗi na tuna. Haushi ne, kuma tsufa bai rage shi ba.

Baba maɗinki ne. Tun hantsi yana kan keke a kasuwa, ba ya tashi sai sallah. Abincinsa burodi da shayi da tsire mai yaji, ruwa kuwa kamar gaba suke yi. In ya shiga makewayi sai mu gaji da jira, muna jin nishinsa daga tsakar gida, kowa ya yi kamar bai ji ba. Inna ke wanke wandunansa a bayan ɗaki, ta shanya a ɓoye. Na ga jini a jikinsu da idona. Da na tambaya, ta buge mini baki. Basir ne, amma a gidanmu ba mai kiran sunansa.

Kakata ta wajen uwa takan zo daga Gouna da damina, ita kuwa ta san ciwon. Sai dai suruka ba ta duban suruki ta yi masa maganar bayan gida. Saboda haka ni take zaunarwa, ta ɗaga murya yadda zai ji daga ɗaki.

“Ke 'yar nan, ci tafasa, ci zogale, ki kora da ruwa. Cikin da ya yi laushi ba ya sa mai shi yunƙuri. Kin ji bayan gida, je ki. Kin gama, tashi. Makewayi ba wurin hira ba ne.”

Takan dafa bagaruwa a sirka, Inna ta kai masa ya zauna a ciki, ya ji sauƙi. Kwaɗon ganye kuwa ya ƙi. Wai abincin ƙauye ne, na shekarar yunwa.

Daminar da aka samu 'yancin kai aiki ya yi masa yawa, kayan 'yan lakwal ne, wato 'yan makaranta, da za su fita biki. Kwana da kwanaki yana kan kujera, har abin ya fito ya ƙi komawa. Ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Inna ta durƙusa gaban Baffa, yayan Baba, wanda shi ne babba a gidan, ta roƙi a kai shi likita.

“Ƙanena ba zai tuɓe wando gaban lokotoro ba,” in ji Baffa. “So kike gobe a ji mu a bakin kasuwa?”

Washegari ya zo da wani baƙo mai jakar fata, wai ya yi wa mutane aiki a Tirmini sun warke. Aska ya fitar, da kanwa. Aka kore mu cikin gida, maza huɗu suka danne Baba a zaure. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan ƙara ba, har kajinmu suka watse. Kafin azahar baƙon ya ɓace, tabarma ta jiƙe sharkaf.

Inna ba ta sake neman izinin kowa ba. Ta yafa zane, ta tare mai amalanke, aka ɗora Baba, muka ratsa masu ganga da tutoci, Baffa na bin mu a baya. Wanda ya karɓe mu a likita ɗan garinmu ne, Baba ya taɓa ɗinka masa riga ma. Da ya fito, sai ya dubi Baffa ya ce:

“Malam, wannan da magani da ruwan ɗumi da gyaran abinci da ya lafa. In ma yanka ne, akwai yadda ake yi. Yanzu an datse masa naman da ke riƙe bayan gida. Wa zai mayar?”

Baffa ya ce, “Ƙaddara ce.”

Ka ji fa. Ƙaddara, bayan shi ya je ya kirawo ta har zaure.

Baba ya rayu, ya ga jikokinsa. Amma alwalarsa ba ta ƙara tsayawa ba. Ya bar kasuwa, ya bar Juma'a, ya bar zaman suna da na gaisuwar mutuwa, don tsoron kada a ji wari a jikinsa. Mutumin da ake gudun a ji sirrinsa, garin kaf sai da ya ji. Baffa kuwa yana sahun gaba har ya rasu, bai taɓa ce wa Inna ta yi haƙuri ba.

Yau masu magani na shelar basir da lasifika a tasha, da kalmomin da ba za ka so yaro ya ji ba. Bakin ya buɗe, amma ƙafa har yanzu ba ta son zuwa likita. Ɗana direban babbar mota ne, bara matarsa ta raɗa mini cewa yana ganin jini, yana shan wani jiƙo na kwalba. Ban aika kowa ba. Na tasa shi gaba, da furfurarsa, har ƙofar lokotoro, wanda ya ce ba kowane jini ne basir ba, dole a duba. Nasa basir ne, ƙarami, magani ya isa.

A hanya ya ce, “Hajiya, kin tona mini asiri.”

Na ce, “Na tona. Yi fushinka, ai kana da lafiyar yin sa.”