Dutsen Taimamar Salisu

Wallahi ni abin nan ya faru da ni, ba ji na yi ba, lokacin ina tuƙi a gidan wani Balarabe a Doha, muna kwana ɗaki ɗaya a unguwar Old Airport da Salisu, mutumin zangon Kumasi, shi ma direban gidan.

Da korona ta lafa aka buɗe iyaka, kafil ɗinmu, wato maigidan, ya kwashi iyali muka yi arewacin Saudiyya a mota biyu, wani wuri da hukuma ta killace. Na ga duwatsun Agadas, na ga na ƙasar Mali, amma ban taɓa ganin ja irin wannan ba. Yashi ne ya daskare tun babu kowa a duniya, hawa-hawa kamar an jibge turamen atamfa, iska ta rarake shi, nan ƙofa, can kamar raƙumi a durƙushe. Mai gadin wurin ya ce ko tsakuwa kada a ɗauka. Na fassara wa Salisu, ya ce ya ji.

Ana cikin gasar kofin duniya sai jan yashi ya fara bayyana a bayan motata, in share da safe, kafin la'asar ya dawo, alhali dutsen Katar fari ne fat. Kafil ya ce kabu-kabu nake yi da 'yan kallo zuwa sahara, in ya sake gani, khalas, in haɗa kayana. Ni kuwa Salisu na zarga, don na san yana son babbar motar da nake tuƙawa, har na daina cin abincinsa.

Rannan na tare shi. "Salisu, asiri kake min?"

"Haba Baba! Ni da muke cin kwano ɗaya?" Sai ya dafe kai. "Innalillahi, dutsen!"

Ashe lokacin da aka killace shi da zazzaɓin korona ya rasa abin taimama, shi ya sa ya tsinci wani falalen dutse a can wurin jan duwatsun don gaba, ya cusa gefen safaya tayata saboda binciken iyaka, ya manta.

Muka ɗaga murfin wurin tayar da rana tsaka. Ga dutsen, ga yashi tuli, shi kuwa bai ragu ba. A kansa akwai sawun tafin hannu biyu, sun nutse ciki, yatsun sun fi namu tsawo nesa. Salisu ya rantse sumul yake da ya ɗauko. Na taɓa, subhanallahi, gurbin hannun ne kaɗai da ɗumi, kamar yanzu aka ɗaga.

Wani direban tirela da ke bin hanyar muka roƙa ya mayar da shi. Yashi ya ɗauke, aikina ya tsira, na nemi gafarar Salisu.

'Yan'uwa, duk inda aka ce kada ku ɗauka, ku bar wa wurin kayansa. Har yau in na tuna sai in tambayi kaina: wa ke taimama a bayana ina tuƙi?