Wanda Kawu Ya Danna wa Ja

Shekarar da aka kafa allon nan a bakin ƙofar kamfaninmu na roba a Sharada, ni aka ɗora wa yi wa ma'aikata bayani, don kawai ina jin Turanci kuma bakina ba ya zama wuri ɗaya. Allo ne na gilashi, bai fi faifai girma ba. In ka tashi daga aiki sai ya tambaye ka da Hausa, "Yaya aiki yau?" A ƙasa ga fuskoki: koriya mai murmushi, rawaya, da ja wadda ta ɗaure kamar an taka mata ƙafa. Ka zaɓi sashenka, ka danna ɗaya, ka wuce. Ba ya tambayar suna.

Wata matashiyar injiniya ce ta kawo tsarin. Ta ce duk abin da aka danna yana shiga kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ta haɗa shi da ma'aunin zafin ɗakuna da yawan masu zuwa kilinik, sannan ta ba manaja shawarar inda ya fi bukatar gyara. Gyaran farko kuwa an riga an sanar: za a sayo manyan fankoki masu zuƙe hayaƙi kafin azumi, amma na sashe ɗaya kawai.

Na yi murna, don a ganina ba sai an tambayi kwamfuta ba. Kowa ya san sashen narka roba, inda ake niƙa tsofaffin butoci da silifa da jarkoki a dafa su. In ka shiga da farar riga, da toka-toka za ka fito. A can kawuna yake, yayan mahaifiyata, wanda ya baro ƙauyenmu na Jigawa tun ban san hannun damana ba, kuma shi ya samo min aikin. Tari ya kama shi, irin wanda ke sa mutum ya dafa bango. Maganinsa gwangwanin madara bayan tashi, wai tana wanke ƙirji. Kilinik kuwa, cewa yake na masu kwance ne.

Ba a daɗe ba injiniyar ta kira ni ofis, ta juyo min kwamfuta. Sashen narka roba kore shar, tun daga ranar farko. Sashen shirya kaya kuwa, inda samarin cikin gari suka fi yawa, ja ya yi ja. Su ma ba ƙarya suke ba, rufinsu na kwano ya yi ƙasa, da rana wurin kamar tanda. Ma'aunin zafi ya nuna sassan biyu kusan ɗaya suke, hayaƙi kuma ba a sa masa ma'auni ba.

"Ita kanta kwamfutar ta yi shakka," in ji ta. "Ta ce sashen da ba a taɓa kokawa ba abin dubawa ne. Amma manaja abin da aka danna zai bi. Malam, ka yi musu magana."

Na fito hankalina a tashe. Da yamma na tsaya bakin ƙofa ina kallo. Sai ga Kawu ya fito, ya gama tarinsa a gefe, ya goge baki da hula, ya tsaya gaban allon. Da ya ce masa yaya aiki, wallahi amsawa ya yi da baki, "Alhamdu lillahi," sannan ya danna kore. Na bayansa duk haka, ɗaya bayan ɗaya, idanu jajur. Har suna suka sa wa allon, Sarkin Gaisuwa.

Na tare shi a wajen mai shayi.

"Kawu, me ya sa kuke danna kore?"

"To me zan danna? An gaishe ni na amsa."

"Ba gaisuwa ba ce, tambaya ce. So ake a san damuwarku."

"Da ƙafata na zo, da ƙafata zan koma, na ci na sha. In tsaya gaban mutane in ce ban gode ba? Kai dai boko ya ɓata ka."

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ko a jikinsa. Na je wajen limamin masallacin kamfani, ya yi musu nasiha bayan azahar cewa faɗin cuta ga mai magani ba butulci ba ne. Kowa ya gyaɗa kai, da yamma kuma aka danna kore. Na gwada zolaya, na ce wa Kawu har injin niƙa ya fi su iya kuka. Ya yi dariya har tarin ya turnuƙe shi, ni kuwa dariyar ta maƙale min.

Kwanakin nan ban san zama ba. A adaidaita daga Zawaciki maganar ce a kaina, a ofis in zauna in tashi, in leƙa kwamfutar injiniya har ta fara rufe ta in ta hango ni. Na sami manaja, ya ce in kowa zai kawo masa kawunsa, to me ya sa aka sayo na'ura? Haushi nake ji, na manaja, na allon, amma mafi yawa na Kawu. Ina son mutumin nan, kuma ido na ganin ido yana kashe kansa da ladabi.

Akwai wani mutumin Maraɗi da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da Kawu a bakin tukunyar narkawa. Hayaƙin ya ci masa idanu, kullum suna zubar da ruwa. Wata safiya Kawu ya same ni, ya ja ni gefe.

"Kai da kake shiga ofis, ka yi wa bawan Allahn nan magana mana. Idanunsa za su tafi, ga iyali a can gida."

Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya abin da ban taɓa yi masa ba.

"Ku kuna iya roƙa wa wani, amma ba kwa iya faɗin naku! To ku je ku gaya wa Sarkin Gaisuwa, shi ake ji."

"Ai lafiyata yake tambaya, ba ta bawan Allahn ba."

"Bai san yatsan kowa ba, Kawu. Sashe kawai ya sani."

Ya kalle ni, ya juya ya tafi. Da yamma na ga ya daɗe gaban allon, layi ya taru a bayansa. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ni dai lafiyata lau. Wannan na mutumin Maraɗi ne." Ya danna ja. Mutumin Maraɗi da ke biye da shi ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Da ya matso, shi ma ya ce, "To wannan na dattijo ne, saboda tarinsa." Kawu ya juyo zai hana, an riga an danna.

Daga ranar abin ya zama al'adar sashen. Kowa ya ambaci na kusa da shi, wannan na mai ciwon kai, wancan na wanda wuta ta lasa a hannu. Ba wanda ya koka da kansa, amma sashen ya koma ja. Kwamfuta ta sauya shawara, injiniya ta ɗauka da gudu ta kai sama.

Sai dai mun makara. An riga an yi odar fankokin daidai da rufin sashen shirya kaya, kuma can aka kafa su. Na sashen su Kawu aka ce sai zagaye na gaba. Kawu ya yi azumin nan cikin hayaƙi, ba madara sai an sha ruwa. Bayan salla ya faɗi a bakin aiki. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya kira ni waje, ya ce kada ya ƙara kusantar inda ake ƙona komai, ko da fanka ko babu. Ban iya gaya masa duka ba. Na ce hutu aka ba shi, na sa shi a mota zuwa ƙauye.

Da damina ta yi nisa aka kafa na sashen narka roba. Ranar da aka kunna, na tsaya tsakiyar sashen ina ganin bangon can ƙarshe a karon farko. Na kira Kawu a waya. Ya fara tambayar idanun mutumin Maraɗi, na ce sun yi sauƙi. Ya ce in bari ya ji ƙarar, na ɗaga wayar sama kusa da fankar, na daɗe a haka. Da na mayar kunnena, numfashinsa nake ji yana fita da ƙyar, amma muryar cike da murna.

"Madalla," ya ce. "To ka gaya musu, da na gama noman nan ina nan dawowa. Wurina dai yana nan ko?"

Na waiwaya bakin tukunyar. Wani sabon ma'aikaci ne tsaye a wurin, yana juya roba.